Dafaffiyar Albasar Baffa

Kwana uku ke nan da aka kai Baffa yaye garin Burumburum, wajen kakarsa Inna, kuma kwana uku ke nan Rufaida tana dafa albasar da babu mai ci.

Hannunta ne ya saba. Da ta idar da sallar asuba ta share tsakar gida, sai ta tsinci kanta a gaban murhu da 'yar tukunyar nan mai baƙin gindi. Ta ɓare albasa guda, ta yanka ta siri-siri, ta ɗiga man shanu, ta zuba ruwa rabin ludayi, ta janye itace ta bar garwashi kawai. Sai ƙamshin ya fara tashi take tuna cewa mai abin ba ya nan. Daga nan sai ta zauna a kan kujerar tsuguno, ƙirjinta ya cika ya yi tauri kamar an ɗaura mata duwatsu biyu, tana kallon tiririn yana fita ta gefen murfi. In an tambaye ta hawayen me take yi, amsa tana kusa: albasa ce.

Baffa shi ne ɗanta na fari, watansa goma sha tara. Sunansa na yanka Abdulganiyu, sunan marigayi mahaifin mijinta Sagir, shi ya sa babu mai kiran sunan a gidan. Ita kuwa ko Baffan ba ta faɗa a gaban mutane. Haka aka tarbiyyantar da ita a Kiru, haka kuma ta tarar a dangin mijinta: uwa ba ta nuna ɗoki a kan ɗan fari. In dole ta ambace shi, sai ta ce "yaron nan."

A rana ta ukun Sagir ya tafi dubo su tun da safe. Bai dawo Bebeji ba sai bayan azahar. Ta ji tsayuwar babur ɗinsa a ƙofar gida, ta yi sauri ta goge fuska, ta tarye shi da ruwan randa.

"Sannu da hanya. Ya ka baro Inna?"

"Lafiya lau, tana gaishe ki."

"Yaya Ubale fa? Da Dije?"

"Duk lafiya."

"Shanun sun samu ciyawa kuwa, da zafin nan?"

Sagir ya ajiye kofin ya dube ta. "Saura kaji, Rufaida. Ba ki tambayi kaji ba."

Da wata rana ce da ta yi dariya ta jefe shi da ɓawon albasa. Yau ta ga zolayar ba ta kai idonsa ba. Ya zauna a bakin tabarma ya cire hula.

"Bai ci ba," ya ce. "Tun ranar da aka kai shi. Ruwa kawai, sai ɗan kindirmo in an yi sa'a. Inna ta yi koko, ta yi kunun gyaɗa, ta yi faten wake, ta dama fura. Da an kawo cokali sai ya kau da kai. Inna ta ce ta yaye yara goma sha ɗaya a gidan nan, ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba."

Rufaida ta san ba taurin kai ba ne. Ta san dalilin, kuma ita kaɗai ta sani.

Lokacin da Baffa ya cika wata bakwai, duk abin da ta kai bakinsa sai ya turo shi waje. Wata biyu a jere ana ɗora shi a ma'auni ranar riga-kafi, nauyinsa yana nan inda yake. Ma'aikaciyar lafiyar da ke duba su, Malama Lubabatu, ta ja ta gefe ta ce wasu yaran abinci lami ne ba sa so. Ta ce ta gwada dafa albasa a hankali har ta narke, ta murje ta a rariya, ta sa masa kan cokali kawai a cikin dankali ko kabewa. Ba gishiri, ba barkono, ba magi. Ta jira kwana uku tana duba jikinsa da cikinsa, in babu ƙuraje babu kumburi, ta ƙara kaɗan. Ranar farko Baffa ya yamutsa fuska, ya lashe leɓe, ya tsaya kamar mai nazari, sannan ya buɗe baki da kansa. Rufaida ba za ta manta da wannan buɗe bakin ba har ta mutu.

Bayan sati uku Inna Balaraba, mahaifiyar Sagir, ta zo musu kwana biyu. Sagir noman rani yake yi a bakin madatsar ruwan Tiga, albasa ce sana'arsa, kuma ran nan cikin wasa ya kai wata jar albasa hancin yaron. Inna ta fizge ta daga hannunsa.

"Kai, Auta, ba ka da hankali? Albasa wuta ce. Ba a ba yaro ita sai bakinsa ya buɗe, ya iya cewa ta ishe shi. Tsinka hanji take yi." Ta juyo wajen Rufaida. "Kin ji ko, 'yar nan? Tunda a cikinta kuke kwana, ki kula."

A daidai lokacin kwanon Baffa yana bayan randa a rufe da faifai, da albasarsa a ciki. Rufaida ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Inna."

Daga ranar ta koma dafawa da sassafe, bayan Sagir ya fita gona. Babu wanda ya lura. Gidan da buhunan albasa suke jibge a zaure, wa zai tsaya tambayar ƙamshinta? Haka Baffa ya girma, komai zai ci sai da ita: wake, shinkafa, tuwo da miyar kuka. Ranar da za a tafi da shi yaye ta haɗa masa riguna da takalmi da 'yar motarsa ta roba. Maganar ta zo mata har baki. Ta dubi Inna tana goya shi da sabon zani, kunya ta danne mata harshe, ta haɗiye.

Duk wannan ta zayyane wa Sagir yanzu, a tsaye, tana murza gefen zaninta.

Ya daɗe yana kallonta. "Kusan shekara guda ina noma miki abincin ɗana ban sani ba?"

"Ka kira su," ta ce. "Ka kira wayar Dije yanzu."

Dije matar wansa Ubale ce, ita ke da waya a gidan. Sagir ya kira, aka miƙa wa Inna. Rufaida tana tsaye a kansa ta ga yadda namijin da ke daka wa dillalan albasa tsawa a kasuwa ya koma ɗan auta cikin daƙiƙa ɗaya. Ya gaishe ta sau uku. Ya yi kewaye-kewaye. A ƙarshe ya ce wai ya ji wani mutum yana cewa in yaro ya ƙi abinci, a gwada sa masa 'yar albasa.

"Dafaffiya," Rufaida ta raɗa masa. "Ka ce dafaffiya."

Ya ɗaga mata hannu, don Inna ta fara faɗa a can. "To, Inna. Haka ne, Inna. Allah ya ƙara girma." Ya kashe wayar yana share gumi. "Na faɗa ai. Za ta gane."

Ana shirin kiran magariba Dije ta bugo, muryarta ƙasa-ƙasa. Inna ta yi ta faɗa, ta ce, amma da ta ga la'asar ta wuce yaron bai sa komai a cikinsa ba, sai ta daure ta ce bari a gwada maganar Auta. Ta yanka ɗanyar albasa ta barbaɗa a kan fate, yadda manya suke ci. Baffa ya karɓi loma ɗaya, ya tsandara ihu, idonsa ya yi ta ruwa. Yanzu ko kindirmon ya ƙi.

"Ta ce ga abin da take faɗa nan, wuta ce," in ji Dije. "Ta ce gobe da hantsi ɗura za ta yi masa. Ta riga ta jiƙa gero."

Rufaida ta san ɗura. Tana shekara tara aka sa ta riƙe ƙafafun ƙaninta Munir, wata maƙwabciya ta kwantar da shi a cinya, ta toshe masa hanci, ta tara tafin hannu a bakinsa tana zuba kunu. Ta tuna yadda kukan ya koma gurnani, gurnanin ya koma shiru, fuskarsa ta yi toka-toka. Kunun ya bi ta ƙirjinsa. Kwana tara ya yi a gadon asibiti kafin Allah ya tashi kafaɗunsa. Masu yin ɗura da ƙauna suke yi, wannan ta sani. Amma har yau in ta rufe ido tana jin santsin ƙafafun nan suna fizga a hannunta.

"Gobe da an idar da asuba za ka kai ni," ta ce.

"Ina?"

"Ka san ina."

Sagir ya miƙe. "Rufaida, uwar yaye ba ta zuwa. In ya gan ki, duk wahalar kwana ukun nan ta tashi a banza. Ga shi ɗan fari. Kin san abin da za a ce a garin nan? A ce amaryar Auta ta biyo ɗa har gidan surukai."

"Su ce."

"Ki dafa ki ba ni a kwano, ni in kai."

"Da zafin nan kafin azahar ta yi tsami. Jibi fa? Sati biyu zai yi a can, kullum za ka bar gona ka yi jigilar albasa? Kuma Inna ba za ta sa masa abin da take gani wuta ba ne, sai ta gani da idonta." Ta dube shi ido cikin ido. "Ni na ɓoye. Ni zan je in faɗa. In ba za ka kai ni ba, akwai mota a tasha."

Ya dube ta yadda ya dube ta ranar farko a kasuwar Kiru, lokacin da ta tsaya ta gaya masa cewa albasarsa ta sha ruwa da yawa, ba za ta yi ajiya ba. Ya sauke numfashi. "Bari in sa mai a babur tun yanzu."

Gari yana wayewa suka kama hanya. Ta zaɓi fararen albasa biyar masu nauyi, ta ƙulle su a leda tare da 'yar tukunyar da rariya, ta rungume a ƙarƙashin hijabi. Gonakin rani suna wucewa kore shar a gefen ruwa, daga baya ƙasa ta koma ja da busasshen kara, garken shanu suna tsallaka titi a natse. Ba ta ga ko ɗaya da kyau ba. Rana take kallo, tana auna nisan da ya rage mata ta kai hantsi, tana maimaita maganar da za ta faɗa. Duk yadda ta jera ta, sai ta ji ba ta da ladabi.

A ƙofar gidan Sagir ya ce ta jira a zaure. Ya shiga ya sa Dije ta fita da Baffa ta ƙofar baya zuwa maƙwabta. A tsayuwar nan ta ji kukansa. Muryar ta dusashe, ba ƙarfi, kamar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba. Ƙafafunta suka yi gaba da kansu taku biyu. Ta dafe bangon zauren da hannu biyu, ta tsaya, har kukan ya yi nisa.

Inna Balaraba tana zaune a inuwar rumbu, ƙwaryar kunu a gabanta, tana ɗaga shi da ludayi tana sakewa don ya huce. Doguwar mace ce, siririya, mai tsagen gado a kumatu. Idanunta sun faɗa. Rufaida ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya gida? Ya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne." Ludayin bai tsaya ba. "Wani ne ya rasu?"

"A'a, Inna. Mantuwa aka yi."

"Rigunansa suna nan. Takalmin ma. Har motar da yake jifana da ita."

Rufaida ta fito da ledar ta kwance. Albasa ɗaya ta gangara ta tsaya a jikin ƙwaryar kunun. Duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu, sai ta faɗi abin a yadda yake.

"Inna, ba taurin kai yake yi ba. Tun yana wata tara nake dafa masa albasa ina sa masa a abinci. Bai san ɗanɗanon komai ba sai da ita. Ranar da kika hana, tana bayan randa a kwano. Na ce miki to, ban daina ba. Ranar da kika goyo shi ma na yi shiru."

Ludayin ya tsaya.

Sagir, wanda ke raɓe a jikin danga, ya yi gyaran murya ya ce bari ya je ya duba ɗan maraƙin da aka ce ba shi da lafiya. Babu wanda ya dube shi.

Da Inna ta yi magana, ba faɗa ta yi ba, kuma Rufaida ta gwammace a ce faɗan ne.

"Kwana uku ina zargin hannuna," ta ce. "Na ce ko tsufa ne ya ɗauke mini ɗanɗano. Jiya har Dije na ba ta ɗanɗana mini kunu, ni, a gidana. Ashe ke kina can da amsa a bayan randa."

"Na yi laifi, Inna."

"Kin yi. Da ba shi albasar da ɓoyewar, ban san wanne ya fi ba."

"Ɓoyewar ce," in ji Rufaida, kanta a ƙasa. "Albasar ba ta taɓa yi masa komai ba. Ɗanya ce wuta, Inna, gaskiyarki. Dafaffiya daban ce."

Inna ta dubi albasar da ke jikin ƙwaryarta kamar baƙuwar da ba a gayyata ba. "To ga murhu can. Dafa mu gani."

Nan ne wurin da Rufaida ta fi tsoro tun a hanya. "Inna, in ni na dafa, yau kaɗai zai ci. Ni anjima zan tafi."

Tsohuwar ta ɗago ido a hankali. "Wato ni za ki koya wa dafa albasa."

"Ba koyarwa ba ce. Zama kawai zan yi a kusa."

"Kafin a haifi uwarki nake yanka albasa, 'yar nan."

Amma ta miƙe. Ta ɗauki wuƙa da tukunyar, ta nufi murhu, Rufaida ta bi ta a baya. Cikin ƙiftawar ido Inna ta yanka guda, ta tura itace uku, wuta ta tashi bal-bal, ta kwarara man shanu ta watsa albasar. Irin suyar da ake yi wa miyar biki. Ƙamshi ya cika gidan, gefen albasar ya fara yin baƙi. Rufaida ta cije leɓe, ta sake cijewa.

"Inna, wutar."

"Me wutar ta yi?"

"Ta yi yawa. In ta soyu ɗaci take yi masa. So ake ta narke, ba ta ƙone ba."

Inna ta leƙa tukunyar, ta lakato da muciya ta kai baki. Ta juye ta a kwano ta ce wannan ta miyar dare ce, dama can. Ta wanke tukunyar ta sake yanka wata. Wannan karon da kanta ta janye itacen ta bar garwashi.

"Mai kaɗan, Inna. Sai ruwa rabin ludayi. A rufe."

"Sai kuma me, Malama?"

"Sai jira."

Suka jira. Surukai biyu a gaban murhu ɗaya, babu mai kallon wata. Rufaida ta ɗora dankalin da Ubale ya sayo daga Doguwa a ɗayan murhun. Sau biyu Inna ta kai hannu za ta ƙara itace, sau biyu ta janye. Da aka buɗe murfin, albasar ta kwanta luguf, ta yi haske kamar ƙanƙara tana narkewa. Inna ta murje ta a rariya da bayan ludayi, ta dangwala da yatsa ta ɗanɗana. Girarta ta ɗaga.

"Kin sa sukari ina juya baya."

"Wallahi ban sa ba, Inna. Zaƙinta ne."

Ta sake dangwalawa. Ta kai hannu ga gwangwanin gishiri, ta ga idon Rufaida, ta fasa. Aka murƙushe dankali, aka gauraya da cokali biyu na albasar.

"In ya ƙi wannan," Inna ta ce, tana nuna ƙwarya da haɓa, "ga kunu can ya huce."

Rufaida ta sake durƙusawa. "Inna, ki yafe mini abin da zan faɗa. In ya ƙi, asibiti za mu kai shi yau ɗin nan. Ɗura kam a'a. Na riƙe ƙafar ƙanina ana yi masa, na ga inda ta kai shi. Ko za a kore ni daga gidan nan, ba zan tafi in bar ƙwaryar nan tana jiransa ba."

Wata kaza ta zo ta tsattsagi ɓawon albasa ta wuce. Inna ta dubi yarinyar da shekara biyu da rabi ba ta taɓa jin komai daga bakinta ba sai "to."

"Ashe kina da baki," ta ce. "Shiga ɗakina. Ki saki asabari. In na ji ko tarinki, ni da ke ne."

Ɗakin yana da duhu da sanyi, yana ƙamshin man shanu da tsohuwar ƙwarya. Rufaida ta tsuguna a bayan asabarin ta manna ido a tsakanin tsirkiyoyinsa. Dije ta shigo da Baffa a kafaɗa ta sauke shi a tabarma. Wuyansa ya yi siriri. Rigar da Rufaida ta ɗinka masa da ƙaramar salla tana lilo a jikinsa. Ta cusa gefen hijabinta a baki.

Yaron ya zauna shiru, sai kuma ya ɗaga kai. Hancinsa ya motsa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya dafa ƙasa ya miƙe.

"Mma," ya ce.

Ya san ƙamshin, kuma ya san mai ƙamshin. Ya fara takawa yana tangaɗi, ya duba bayan rumbu, ya duba wajen murhu, sannan ya juyo ya nufo ƙofar ɗakin. Taku biyar ya rage tsakaninsu. Huɗu. Tana ganin ƙurar da ke yatsun ƙafarsa. Nono ya tsinke mata, ta ji ɗuminsa yana bin rigarta. Abu ɗaya kawai za ta yi, ta ɗaga asabarin nan, duniya ta koma daidai. Ta damƙe hannayenta a tsakanin gwiwoyi, ta daina numfashi.

"Maigida," Inna ta kira shi, da sunan da kaka take tsokanar jikanta namiji. "Ina kuma za ka? Kwana uku ka ƙi girkina, yanzu kuma ɗakina za ka shiga bincike? Zo nan, mijin banza, mai ƙaton kai."

Ta miƙo dogon hannunta ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, ta juya bayansa ga ƙofar. Ta kawo cokali. Ya kau da kai. Ta sake kawowa ta ɗaya gefen, ya ture shi, abincin ya zube a zaninta.

Rufaida ta rufe ido. Ta fara lissafa nisan asibiti.

Da ta buɗe, ta ga Inna ta ajiye cokalin. Ta lakato abincin da yatsa ta shafa masa a leɓen ƙasa, sannan ta ɗauke kai gaba ɗaya kamar ta manta da shi. Ta ɗebo ta kai nata bakin tana tauna da ƙarfi, tana ba Dije labarin wata saniya da ta ɓata a Tudun Wada ranar kasuwa. Wannan dabarar ba Rufaida ce ta kawo ta ba. Ta yara goma sha ɗaya ce.

Baffa ya yamutsa fuska. Harshensa ya fito ya lashe leɓen. Ya tsaya kamar mai nazari. Ya dubi kwanon, ya dubi bakin kakarsa da ke cinye masa abu, ya kama yatsanta da hannu biyu ya ja shi zuwa bakinsa.

"Ɗaya," in ji Inna, da murya sama da yadda ake bukata. "Dije, ki shaida, ɗaya ke nan. Ina ƙirgawa ne don kajin gidan nan su ji, tunda ba mai tambaya."

Dije ta juya baya tana dariya a cikin mayafi.

"Biyu. A hankali, Maigida, ba gudu zai yi ba. Uku."

A bayan asabari Rufaida tana ƙirgawa tare da ita da leɓe kawai, hawaye yana sauka har wuyanta, kuma yau babu albasar da za ta ɗora wa laifi. A ta goma sha huɗu ya ture hannun, ya sha ruwa, ya kwantar da kai a ƙirjin Inna. Ba a jima ba barci ya ɗauke shi, da dankali a kumatunsa.

Inna ta miƙa wa Dije shi ta ce ta kai shi ɗakinta. Sannan ta ɗauki ƙwaryar kunun ta ajiye a gaban ƙofar.

"Fito ki shanye wannan, kar a yi asarar gero. Da gani ke ma kwana ukun ba ki ci ba."

Rufaida ta fito ta durƙusa ta sha. Inna ta ga jiƙar da ke gaban hijabinta, ta ɗauke ido, ta ciro wani mayafinta daga igiya ta jefa mata a kafaɗa.

"Tukunyar ta zauna. Rariyar ma. Ki ce wa Auta ranar Juma'a ya taho da farare, ba jajayen nan masu yaji ba. Ke kuma kar in sake ganin ƙafarki sai na aiko."

"To, Inna."

"Wanne to ɗin? Irin na bara?"

"Na gaske, Inna."

Ta fita ta ƙofar baya don kada ta bi ta gaban ɗakin Dije. Sagir yana jiranta a gindin mangwaro, ya riga ya tayar da babur, fuskarsa cike da tambaya.

"Ya ɗan maraƙin?" ta ce.

"Rufaida, don Allah."

Ta hau bayansa ta gyara mayafin Inna, ta kai bakinta kusa da kunnensa yadda ko iska ba za ta ji ba.

"Baffa ya ci sha huɗu," ta ce. "Ɗana ya ci sha huɗu."